Masu Zagin Waya a Cissin

Tun da waya ta samu kyamara, kowa a unguwar Cissin ta Wagadugu ya zama mai hoto. Sai dai in hoto ya fito dishi-dishi, ba mai cewa "ni ne". Waya ce ke shan zagi, ga kuwa masu zagin nata.

Na farko Mai Maiƙo. Ya ci tsire, ya lashe yatsu, ya zaro waya daga aljihun da goro ya kwana. Ya tsaya bakin madatsar ruwa ta Tanghin ya ɗauki faɗuwar rana, sai ga kowane haske ya tsiro gemu. Maiƙon da ke kan gilashin ne ya watsa hasken. Da ya goge da ƙyalle mai laushi, da an wuce wurin, amma shi cewa yake an sayar masa da jabu.

Sai Ɗan Babur. Wagadugu garin babura ne, shi kuwa tsayawa a wurinsa asara ce. Hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a sama, yana ɗaukar hasumiyar gwarzayen ƙasa ta Waga 2000. In ya nuna maka, sai ya rantse kafin ka yarda gini ne.

Na uku Mai Janyowa. Ba ya taka ƙafa ya matsa kusa, da yatsa biyu yake janyo duniya. A yawancin wayoyi janyowar nan yanko tsakiyar hoto ce kawai a kumbura shi, rawar hannu ma ta kumbura tare. Ya je har duwatsun Sindou, ya dawo da abu kamar dambun da aka zubar a tabarma.

Akwai Na Magariba, wanda sha'awar hoto ba ta kama shi sai haske ya tafi. In duhu ya shigo, kyamara kan daɗe da ido a buɗe tana tara haske, motsi kaɗan ya isa ya ɓata komai. Ka ce masa, "Malam, jingina wayar a katanga, ka sa ta jira daƙiƙa 2 ta ɗauka da kanta." Sai ya ce hannunsa bai taɓa rawa ba, alhali shayi na uku ke cikinsa.

Abokin Gabar Hunturu kuwa a watan Janairu yake fita, ƙura ta rufe gari, yana neman sararin sama garau. Ba kyamarar da ke ganin abin da hazo ya ɓoye. Ya jira washegarin ruwan sama, ko ya ɗauki abin da ke kusa.

Mai Ganye ba ya taɓa fuskar waya ya nuna mata abin da yake so, sai ta zaɓa masa. Ganyen mangwaro ya fito tar, masallaci a baya ya narke.

Na ƙarshe Alhaji Sabon Yayi, wanda ya haɗa halin su duka. Hoto na lalacewa sai ya sauya waya. An ba shi labarin Sanlé Sory, da ya buɗe shagon Volta Photo a Bobo-Dioulasso a 1960, hotunansa na fim har yau tar suke. Alhaji ya yi shiru, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To, wace irin waya yake riƙewa?"