Ɗan Waje Na Neman Haya a Dingyadi

A Dingyadi haya ta baƙo ce: malamin makaranta da aka turo, ɗan sanda, ma'aikaciyar asibiti. Ɗan gari in ya yi aure, sai a yanka masa wuri a gidan ubansa ya ja katanga. Shi ya sa ranar da ɗan garin da ke tuƙi a Jidda, ko leburanci a Tarabulus, ya turo saƙon murya a nemo wa iyalinsa gidan haya, kafin la'asar labari ya kai Bodinga, masu taimako sun yi layi.

Dillali ne a gaba. Jiya raguna yake dillanci, shekaranjiya babur, yau ya zama masanin gidaje. Makaminsa bidiyon WhatsApp. Yana farawa daga ƙofar maƙwabci mai sabon fenti, ya daɗe a kan bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida, in ya zo makewayi sai hannunsa ya kama rawa, hoton ya koma sama. "Alhaji, wanga gida ko Gawon Nama ba ka samun irinai." Da rani yake ɗauka, saboda haka ba za ka ga tafkin da lungun ke zama a watan Agusta ba. Da sanyin safiya yake ɗauka, saboda haka ba za ka san ɗakin kwano ne babu silin ba, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Akwai kuɗin ganin gida, akwai la'ada, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 akwai kuɗin mai, ko da gidan a bayan shagonsa yake. Bai yarda Saudiyya ta riga mu da awa biyu ba. Sha biyun dare yake kira, wai wani ma'aikaci ya zo da kuɗi a hannu, in ba a ba da kafin alƙalami yanzu ba gida ya tafi.

Mai gidan kuwa bai taɓa shiga banki ba, amma ya fi 'yan canji sanin farashin riyal. Tun da naira ta faɗi, riyal ɗaya ya haura naira 400 a 2024, tambayarsa ta farko ita ce, "Wa za ya shiga?" In an ce malamin firamare, kuɗin shekara ɗaya. In an ce mijin yana Makka, sai ya gyara zama, ya ce shekara biyu a dunƙule, kuma ɗakin zaure ba ya ciki, nan yake ajiye gero da albasa. Awakinsa ma sun saba da gidan.

Sai ƙane, wakilin da aka amince wa. Kafin kuɗi su shigo, ƙara ɗaya yake ɗaga waya: "Na'am, Yaya!" Da mai POS ya ƙirga masa, wayar ta faɗa rijiya. Bayan mako biyu ya ɓullo da bayanin taki da sunan ɗiyar Kawu, ga sabuwar taya a babur ɗinsa.

Duk waɗannan ƙananan alhaki ne a gaban Inna. "Haya? Ina raye? Mi anka yi ma matarka a gidanga?" A ganinta duk shirin na suruka ne, tana son ta dafa nama babu mai jin ƙamshi. Ba ta hanawa kai tsaye, ta fi ƙarfin haka. Wancan gida iskoki gare shi, wancan an yi saki uku a ciki, wancan kuma, wanda ya fi kowanne muni, yana kusa da gidan iyayen yarinya. Uwargidan ita ma kowane gida sai ta samo masa aibi, don zuciyarta na Mabera ko Arkilla, cikin birnin Sakkwato. Tun da aka ɗaura auren, wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.

A majalisa akwai dattijon da ke jawo tarihi. "Shehu ya zauna Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna Bodinga, ka taɓa jin sun kama haya? Gina naka, ɗana." Magana ce mai kyau, har sai ka ji yana da fili na sayarwa a hanyar Shagari.

Shi kansa Alhajin ba kanwar lasa ba ne. Su shida suke kwana a ɗaki ɗaya a Jidda, amma a gida yana son tayil, bohol, sola da makaranta a bakin ƙofa, duka a farashin da ya baro shekarar da ya fita. Da babbar Salla ya sauka ya tarar da iyalinsa inda ya bar su, dillali na zaune a zaure yana jiran tsarabar dabino, yana kuma tambaya ko akwai hanyar biza.