Motar Baƙo a Farfajiyarka: Taimakon da Ƙaramar Hukuma Ke Bayarwa a Ingila

A Ingila, mutumin da ba ka taɓa gani ba zai iya shigo da motarsa farfajiyar gidanka, ya kulle ta, ya zura makulli a aljihu, ya hau jirgi ya tafi hutun mako biyu, kuma bai yi laifin da za a kama shi ba. Masu gidaje kusa da filayen jirgin sama da filayen ƙwallo sun san wannan, domin a can kuɗin fakin na da tsada, farfajiyar gidaje da yawa kuma ba ta da ƙofa. Ga abin da doka ta tanadar wa mai gida, daki-daki.

Da farko zai kira 'yan sanda. Za su saurare shi, su tambaya ko motar ta sata ce, ko an fasa masa wani abu. Idan babu ko ɗaya, za su shaida masa cewa shiga filin wani ba da izini ba rigima ce tsakanin mutum da mutum, ba ta cikin laifuffukan da suke gurfanar da mutane a kansu. Sai su tura shi ƙaramar hukuma.

Ƙaramar hukuma ita ce wadda yake biya harajin gida, ita ke kwashe masa shara, ita ce kuma aka nemi izininta kafin a kwantar da dakalin gefen titi don mota ta iya hawa zuwa gidan. Abin da za ta fara son sani shi ne inda tayoyin motar suke. Idan suna kan titi, motar ta tare bakin hanyar shiga, dokar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta 2004, sashe na 86, ta ba ta ikon aiko ma'aikaci ya manna takardar tara a gilashi. Idan kuwa direban ya ƙara taka mai kaɗan, tayoyi huɗu suka shige cikin farfajiyar, ya fita daga hurumin ƙaramar hukuma, domin ikonta a kan titi yake. Wanda ya tsaya a ƙofar gidanka zai biya tara. Wanda ya shigo ciki ya tsira.

Mai gida yana da tasa motar, dole ya nemi inda zai ajiye ta. Idan ya rasa wuri ya sa ta a kan layi mai ruwan ɗorawa da ke gefen titi, inda aka hana fakin, a nan ne ma'aikacin ƙaramar hukuma zai iso unguwar, ya rubuta takardar tara, ya manna a motar mai gida. Yana iya hango motar baƙon daga inda yake tsaye, amma babu ruwansa da ita.

Akwai ƙofa ɗaya da ƙaramar hukuma ke shigowa ta cikinta. Dokar kawar da tarkace ta 1978 ta ɗora mata alhakin kwashe motar da aka yasar, ko da a filin wani take. Sai dai ita za ta tantance ko an yasar da motar da gaske. Ma'aikacinta zai duba ko tayoyi sun sace, ko gilashi ya fashe, ko kujeru sun yi fumfuna, ko an cire lamba, ko harajin motar ya ƙare. Mota mai sheƙi mai cikakkun takardu ba ta cika sharaɗi ba. Idan mai gida ya yi haƙuri har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, za a ba shi, shi mai filin, sanarwar kwana 15 ko yana da ja a kan a ɗauke ta.

A nan ne zuciya kan raya wa mutum ya ɗauki mataki da hannunsa, kuma a nan ne doka ta fi yin tanadi. Tun ranar 1 ga Oktoba, 2012, sashe na 54 na dokar kare 'yancin jama'a ya haramta a sa wa tayar mota mari a filin da ba na gwamnati ba a Ingila da Wales, ko a kira janwe ya ja ta, ko a tare ta da nufin hana mai ita fita, sai da izinin doka. Wannan laifi ne cikakke, tararsa kuma tana iya zama marar iyaka. Idan mai gida ya ja tasa motar ya toshe ta baƙon don ya koya masa hankali, 'yan sandan da suka ce babu ruwansu da safe za su iya zuwa da yamma, wurin mai gida za su zo. Idan ya sace iskar taya ko ya karce fenti, dokar ɓarnata dukiya ta 1971 tana jiransa.

Ba a banza aka yi dokar 2012 ba. Kafin ta, akwai masu sa wa motoci mari suna karɓar ɗaruruwan fam a hannun tsofaffi da masu jego kafin su sake su, kuma a Scotland tun 1992 kotu ta ɗauki wannan sana'a a matsayin sata da ƙwace. An yi daidai da aka taka musu birki. Illar ita ce an haɗa mai gida guda ɗaya da su a hukunci ɗaya, ba a ba shi komai a madadi ba. Kamfani kuwa yana da hanyarsa: a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta amince da cajin fam 85 da kamfanin ParkingEye ya ɗora wa wani direba da ya wuce awa biyu na kyauta a wurin fakin wasu shaguna a Chelmsford, saboda an kafa alluna da suka bayyana sharaɗin.

Abin da ya rage wa mai gida shi ne takarda. A Kano sai a sanar a masallacin unguwa, kafin a idar da sallah mai mota ya fito. A Ingila zai cike fom mai lamba V888, ya aika wa hukumar rajistar motoci ta DVLA da ke Swansea, ya bayyana dalilinsa, ya jira sunan mai motar ta gidan waya. Daga nan ya rubuta masa wasiƙa. Idan bai amsa ba, ya je kotu neman umarnin a cire motar, ya biya kuɗin shigar da ƙara, wataƙila da na lauya. Sau da yawa kafin a kai nan baƙon ya dawo daga hutu ya ja motarsa.

Saboda haka shawarar da aka fi bayarwa ita ce turken ƙarfe mai kwaɗo a bakin farfajiya, wanda ake kwantarwa idan za a shiga, a tayar idan an fita. Mai gida ne zai saya, shi zai biya mai kafawa, shi zai riƙa durƙusawa cikin ruwan sama safe da yamma yana buɗe kwaɗo.

Turke yana aiki, amma bai kamata ya zama amsar hukuma ba. Akwai tsohuwar da mai jinyarta ke buƙatar wannan wurin kullum, akwai mai keken guragu da ba zai iya takowa daga ƙarshen layi ba. Ƙaramar hukuma tana da ma'aikata, tana da hanyar samun sunan mai mota, tana da inda take tara motocin da ta kama a titi. Majalisar dokoki za ta iya ba ta ikon manna sanarwa a motar da mai gida ya kai ƙara, ta ɗauke ta idan wa'adi ya cika, mai motar ya biya kuɗin janwe. Hakan zai kare direba daga 'yan ƙwace kamar yadda dokar 2012 ta nufa, ya kuma mayar wa mai gida filin da ya saya da kuɗinsa.