Kafin Dakta Ya Shigo Aji

Wasu malaman lissafi a jami'o'inmu sun ɓullo da wata dabara. Kafin laccar Litinin, Dakta zai ce kowa ya karanta shafi biyar na littafin kwas, ya kuma zo da 'yar takarda mai ɗauke da abu biyu: abin da ya gane, da wurin da karatun ya cije masa. Nufin malam shi ne ya san inda zai fara ɗora alli. Abin da yake samu kuwa ƙidayar halayen 'yan Adam ce, domin shafi biyar na lissafi sun isa su tona asirin kowa.

Na gaba-gaba shi ne Mahaddaci. Wannan bawan Allah ya shigo jami'a da baiwar da ta ɗaukaka shi tun yana ƙarami, bai kuma ga dalilin ajiye ta a bakin ƙofa ba. Za ka same shi bayan isha'i a ƙarƙashin fitilar baranda, yana rangaji yana maimaita ta'arifin iyaka: ga kowane efsilon da ya fi sifili, akwai delta da ya fi sifili, har zuwa ƙarshe. Ba ya tuntuɓe, ba ya cin gyara. Sai dai ya haddace jimlar ne haɗe da haruffanta. Ranar da Dakta ya ga dama ya sa wani harafin Girkanci a gurbin efsilon, sai ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a ba mu wannan ba." In kuma ka juya masa maganar ka ce akwai delta guda ɗaya da zai ishi kowane efsilon, zai ce ai duk ɗaya ne, tunda kalmomin ba su canza ba. Alhali kuwa duk kwas ɗin a kan wannan jerin kalmomi ya rataya. Newton da Leibniz sun kafa kalkulas a ƙarni na 17, amma sai da aka jira littafin Cauchy na 1821, sannan laccocin Weierstrass a Berlin shekaru da yawa bayan haka, kafin masana su daidaita wace kalma ce za ta riga wace. Abin da ya ci wa manyan duniya kusan shekara 200, Mahaddaci ya gama da shi kafin shayinsa ya huce.

Kusa da shi akwai Uwar Launi. Maka uku gare ta: rawaya na abu mai muhimmanci, kore na mai muhimmanci ƙwarai, ruwan hoda na abin da zuciyarta ta raya mata zai fito. Kafin ta tashi, lambar shafi ce kaɗai ta tsira. A takardarta takan rubuta cewa komai na da muhimmanci, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Wanda ya fi ba malamai tsoro shi ne Na-Gane. Shi a kwance yake karanta lissafi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, babu biro babu takarda, yadda ake karanta littafin soyayya. Idonsa na bin layi, kansa na gyaɗawa, cikin minti goma ya kai shafi na biyar har ya leƙa na shida don ya ga yadda labarin zai ƙare. Takardarsa layi ɗaya ce: "Babu abin da ya shige mini duhu." To ka tare shi ranar Litinin ka ce, in aka tara 1 da 1/2 da 1/3 da 1/4, aka yi ta tafiya haka ba tsayawa, ina za a kai? Zai yi maka kallon tausayi ya ce tunda gutsattsarin ƙanƙancewa suke yi, dole jimlar ta tsaya wani wuri. Ba ta tsayawa. Wani malami Bafaranshe, Nicole Oresme, ya nuna haka tun ƙarni na 14, da hujjar da ɗan sakandare zai iya bi: 1/3 da 1/4 sun haura rabi, guda huɗun da ke biye su ma sun haura rabi, haka takwas na gaba, haka sha shida na gabansu, rabi kan rabi har abada. Tafiyar ce dai ta hawainiya, don sai an tara guda 12,367 kafin jimlar ta wuce 10. Hujjar nan tana shafi na uku. Na-Gane ya wuce ta kanta jiya da dare, har ya gyaɗa mata kai.

Ɗan Kwana kuwa ba a raina ƙoƙarinsa, sakamakon ne dai ba a gani. Ƙarfe goma ya biya wurin mai shayi, an soya masa Indomie da ƙwai biyu, ya sayi goro, ya ɗauki rigar sanyi da maganin sauro ya nufi ɗakin lacca. Awar farko ta tafi wajen kakkaɓe kujera da ja wa takardu layi. Ta biyu ta tafi wajen gaisawa da sauran 'yan kwana da tattauna wahalar kwas ɗin. Wajen ƙarfe biyu ya buɗe littafi, ya ɗora goshi a kai don ya yi tunani. Kiran assalatu ne ke tashinsa, da shatin littafin a kumatu. Duk wanda ya gamu da shi da safe sai ya ji cewa a aji ya kwana, kuma haka ne.

Sai Zai-Fito, wanda tambayarsa ɗaya ce a duniya. Bai taɓa buɗe littafin kwas ba, amma yana da fotokwafin tambayoyin jarrabawa na shekara goma, ya jera su, ya gano cewa Dakta na son maimaita tambaya ta biyu duk bayan shekara biyu. Malamin yake karantawa, ba lissafin ba. Ni a ganina da zai koma sashen ƙididdiga da ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya.

Ɗan Data ba ya wahalar da kansa da shafuka. Ya buɗe YouTube, ya sami wani malami Ba'indiye, ya ninka saurin maganarsa don kada data ta ƙare, ya kalli hannun wani na warware lissafi har ya ji kamar nasa hannun ne. Takardar kuma ChatGPT ya ba wa aikin. Sai ta zo da Turancin da ya fi na shugaban sashe santsi, tana bayanin yadda karatun daren jiya ya sauya masa kallon rayuwa. Akan sami uku iri ɗaya a aji guda. Na huɗun da ya kwafa da hannu a bakin ƙofa, saboda tsabar amana, har lambar rajistar mai takardar ya kwafe.

Akwai kuma Shehin Malami, wanda aka ce ya yi tunani a kan karatu, ya ɗauki umarnin da zafi. A sakin layi na farko ya ci karo da maganar abin da ba shi da ƙarshe, daga nan bai sake saukowa ƙasa ba. Takardarsa shafi uku ce. Ya faro daga al-Khwarizmi a Bagadaza a ƙarni na 9, ya gangaro kan Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan hatimin lambobi ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ya rufe da cewa lissafi gadonmu ne. Duk gaskiya ne. Ka ce ya warware tambaya ta uku a ƙarshen babi, sai ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne.

Can kujerar baya akwai wata da ba a cika jin muryarta ba. Takardarta ce ta fi ta kowa datti, duk gogewa da karce, kuma kullum da ban haƙuri take farawa: shafi ɗaya kawai ta iya karantawa. An ba su hujjar Yuklid cewa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu ba su da ƙarshe: ka ɗauki waɗanda kake da su, ka ninka su da juna, ka ƙara 1. Ita sai ta ce bari ta gwada. Ta sami 7, ta sami 31, ta sami 211, ta sami 2311, duk ba sa rabuwa. Da ta kai kan 13 sai ga 30031. Ta yi ta raba shi har dare ya tsala, ta tarar 59 sau 509 ne. Sai ta rubuta, "Dakta, ko dai Yuklid ya yi kuskure, ko ni ce ban fahimta ba."

Yuklid bai yi kuskure ba. Bai taɓa cewa sabuwar lambar ba za ta rabu ba. Cewa ya yi duk abin da zai raba ta ba ya cikin jerin da ka fara da shi, kuma 59 da 509 ba sa ciki. Amma rabin ajin sun kwana da kuskuren fahimtar nan cikin kwanciyar hankali, har da masu cewa babu abin da ya shige musu duhu. Dakta ya karanta takardar a gaban aji, ya ajiye handawut ɗinsa, ya share allo, ya shafe minti arba'in a kan tambayarta, yana zufa yana murmushi. Ita kuwa ta sunne kai a hijabi, tana ganin ta ɓata wa mutane lokaci.

Yana ajiye alli ya ce ko akwai mai tambaya. Hannu ɗaya ne ya tashi.

"Ranka ya daɗe, wannan 30031 ɗin, zai fito?"