Malamin Lesin

Tun da jami'a ta kafe cewa sai da kiredit a lissafi da Turanci a WAEC ko NECO, duk gidan da ya ɗan samu a Kano ya ajiye malamin lesin. Bayan magariba za ka ji sallamarsa, ƙaramin allo a hammata, alli a aljihu, yara kuwa sun dawo daga boko da Islamiyya, ido duk barci.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne yaron. A tambaye shi bakwai sau takwas, sai ya ƙura wa silin ido, wai ko amsar za ta faɗo. Amma aike shi kanti da naira dubu ya sayo sabulun ɗari bakwai da hamsin: kafin ya kai bakin layi ya san canjin, ya kuma ware hamsin ɗin da zai ce mai kanti ne bai ba shi ba. Wannan yaron ne fa aka ce ba ya gane ɗebewa.

Gwanin gidan na ainihi sai ƙarshen wata yake bayyana. Alhaji, wanda kullum ke rantsuwa lissafi bai taɓa shiga kansa ba, zai gyara zama ya cire kwanakin sallah daga kuɗin malam, ya cire ranar da aka yi ruwa, ya cire daren da aka ɗauke wuta aka tashi da wuri.

"Malam, duba ka gani, ko na yi kuskure?"

Malam ya duba. Ko sisi babu kuskure.