Garin Alhaji Mai Sito

Kowa yana da irin garin da yake so a ce a ciki yake zaune. Malami na son garin da babu jahili, likita na son wanda babu zazzaɓi, duk suna nan suna ta buri. Alhaji mai sito kaɗai ya tashi ya gina nasa daidai da halinsa, tun daga Funtua har Malumfashi, kuma ya kamata a yi masa sannu da aiki.

Tubalin farko na garinsa tausayi ne. Damina ta faɗi, manomin Bakori ko Ƙafur ya rasa kuɗin taki, wa ke tuna shi? Alhaji ne. Zai ba shi buhu, ya ce, "Haba, ai mu ɗaya ne, sai kaka." Kaka na yi ya turo yaransa har bakin masussuka su kwashe masara a farashin da ya yanka da kansa, don kada bawan Allah ya sha wahalar kai kaya kasuwar Dandume. Ya kuma raba shi da fargabar ƙwari da ɓera, tunda rumbun da babu komai a ciki ba ya ɓarna. Da bazara, in yara sun fara kuka, sai ya buɗe sito ya sayar masa da masarar tasa tiya-tiya, da tsadar da za ta sa ya san darajar guminsa. Wane uba ne ya fi wannan tarbiyya?

Wasu sun gwada gina gari kafin shi, amma hangensu bai kai nasa ba. A 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, aka shigo da taki da iri, aka fasa hanyoyin karkara. Aka kafa Masaƙar Funtua don audugar yankin ta zama yadi a gida. Kuskurensu ɗaya ne, sun so manomi ya tsaya da ƙafarsa. Alhaji ya daɗe da gane cewa rarar kuɗi a hannun manomi fitina ce: zai kai ɗansa makaranta, ɗan ya dawo yana tambayar nawa ake sayar da waken suya a Kano.

Ga shi da haƙuri. Manoman Faskari da Sabuwa suna biyan 'yan bindiga kafin su shiga gona, su sake biya kafin girbi, wasu sun bar gonakin sun zama daji. Ba a taɓa jin Alhaji ya ɗaga murya ba. Ƙaddara ce, in ji shi, kuma duk shekarar da hatsi ya yi ƙaranci ita ce shekarar da yake ƙara tirela.

Alherinsa kuwa ba ya ɓuya. Azumi na kamawa zai sa a jera matan da suka surfe, suka sheƙe, a ƙofar gidansa tun hantsi, kowace a miƙa mata mudu biyu na gero. A ɗauki hoto, a sa a Facebook, a umarce su da addu'a. Su kuwa sukan ce Allah ya saka masa da irin abin da ya yi musu, shi ma ya amsa da amin.