Majemin da bai taɓa jima ba

Sakkwatawa sun daɗe da sanin Japan, amma ta wajen kaya: Honda, Yamaha, Toyota Hilux, da farin magi Ajinomoto da aka fara sayarwa can a 1909. Harshen kuwa ba wanda ya damu da shi sai ƙanena, wanda fina-finan zane suka ja shi ya duƙufa koyo a waya.

Ya haddace baƙaƙen hiragana 46 da katakana 46, sai aka gaya masa da sauran kanji 2,136 na amfanin yau da kullum. Ko gezau. Kalmar da ta shiga ransa ita ce majime, wato mai ɗaukar abu da gaske, ba wasa ba ha'inci. Da ita Japanawa ke yabon ɗalibi ko ma'aikaci, ko da yake in abin ya yi yawa su ma suna ganin mutum bai san raha ba. Tun daga nan yaro ya daina dariya a gida.

Bayan Babbar Salla na raka shi gaida mahaifin yarinyar da yake nema. Dattijo ya dube shi ya ce, "Samari, mi kaka yi?" Maimakon ya ce ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai gogan ya sunkuyar da kai: "Baba, ni dai majime ne."

Dattijo ya ji majemi. A garin da fatar jar akuyarsa ta kai har Turai, inda ake ce mata fatar Maroko don ta can take bi, wannan sana'a ce ta mutunci.

"Madalla! Allah ya kawo ka!"

Nan take aka jawo fatun layya, an barbaɗe su da gishiri, ƙudaje na rakiya. Buzun salla dattijo yake so.

Na zunguri ƙanena. Ya raɗa mini cewa majime ba ya musu da babba. Haka muka kwashi fatun. 'Yan kabu-kabu kuwa da sun shaƙi warin sai su ƙara wuta. Da ƙafa muka isa wajen majeman Unguwar Rogo cikin ranar Sakkwato, suka sha dariya, sannan suka tsoma fatun a ruwan bagaruwa.

An ɗaura auren. Kuɗin jima ni na biya, kuma har yau duk Salla sai suruki ya aiko da fatu, har da na maƙwabta.