Yadda Ake Sallamar Ƙwannafi Daga Ɗakin Kwana

Ƙwannafi baƙo ne marar ta ido. Ba ya sallama, kuma ya fi son zuwa da dare. Sai wajen ƙarfe 2 na dare, barci ya fara daɗi, ka ji ya taso maka da tsami har maƙogwaro.

Ka fara sanin ƙofar da yake bi. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai aikin maigadi. Idan ta yi gyangyaɗi, ruwan tsamin ciki ya haura. Kana tsaye nauyinsa na danne shi ƙasa, kana miƙewa ka share masa hanya.

Don haka sai ka gina masa tudu. Tafi wurin masu buga bulo, ka sayi guda biyu masu inci 6, ka saka ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai. Ana so kan gadon ya ɗaga da inci 6 zuwa 8. Uwargida za ta tambaya ko gini za a fara a ɗaki. Ka ce mata e, katangar tsare baƙo ce. Mai shimfiɗa katifa a ƙasa ya naɗe barguna ya cusa a ƙarƙashinta, ta gangaro tun daga kai har ƙugu.

Amma don Allah kar ka tara filo huɗu kamar buhunan gero a rumbu. Wuya kawai za ka lanƙwasa, ka matse ciki, ka wayi gari da ƙwannafin da kuma sanƙarar wuya, ciwo biyu a kuɗin ɗaya.

Sai kwanciya, kuma nan ne gizo ke saƙa. Tumbi a hagu yake. Idan ka kwanta ta hagu, ruwan tsamin na taruwa ƙasa da ƙofar. Ta dama kuwa, ƙofar ce ke nutsewa a cikinsa. Na san an koya mana farawa da dama. Fara da ita, ka yi addu'arka a natse, sannan ka juya hagu, ka tokare bayanka da filon da muka sallama ɗazu, ya samu sabon aiki.

Tsakanin lomar ƙarshe da gado a bar awa 3. Tuwon dare da man shanu, tsire mai yaji, shayi mai kauri, goron hira, duk katin gayyata ne. A watan azumi, mai komawa shimfiɗa da cikin sahur ya san zancen. Sassauta tazugen wando ma.

Idan kuwa baƙon ya zo da wahalar haɗiya, aman jini, baƙin bayan gida ko ramewa, ajiye bulo ka nemi likita. Ciwon ƙirji mai sauka hannu da gumi, wannan asibiti ne a daren nan.